Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Manoma ta Jihar Tawa da Ƙungiyar Masu Harkar Albasa ta ANFO: A Sa Ido kan Tallan Irin Albasa a Waya

Ranku ya daɗe, shugabanni,

Na rubuto ne kan cinikin irin albasa da ya koma cikin salula, wanda ke cin manoman Madawa, Buza da Keita ba tare da kowa ya tanka ba.

A Turai, masu sayen furanni ta intanet sun daɗe suna kukan cewa hoton da aka nuna musu daban, abin da aka kawo daban, kuma sai an zo biya kuɗin kai kaya ke ɓullowa. Mu nan ba mu aika wa juna fure. Furen da ya dame mu shi ne na albasa, wanda ke ba da iri, kuma irin wannan yaudara ta iske shi.

Da damina ta ja baya, manoman kwarin Tarka da na Maggiya suka fara gyaran fangalan yafi, sai talla ta cika WhatsApp da Facebook: ga hoton albasa jawur, ga muryar wani yana rantsuwa cewa 'yar Galmi ce tsantsa, sabon iri, farashi mai rahusa, amma a turo kuɗi tukuna. Manomi ya je gidan aika kuɗi, ya biya ladan aike daga aljihunsa. Kwana biyu sai a kira shi: kuɗin mota ba ya ciki. A tasha ga ɗan kamasho, wani lokaci ga wani da ya ce shi ya haɗa cinikin. Kafin kaya su kai Sabon Gida ko Karofan ko Tamaske, arahar ta gudu, har mutum ya ga da a kasuwar garinsu ya saya da ya fi masa sauƙi.

Wannan ma ƙaramar asara ce. Babbar tana cikin ƙwayar. Irin albasa ba ya jure ajiya. In ya haura shekara a zafin ƙasarmu, yawancinsa ba ya tsirowa, kuma ido ba ya bambanta tsoho da sabo, balle hoto. In an cakuɗa shi da wani iri, ba za a gane ba sai albasa ta yi kai, bayan an yi dashe, an zuba taki, an ƙona mai a injin ban ruwa wata da watanni. Sannan a ga launi ya bambanta, ko a zuba ta a rudu (rumbun ajiyar albasa) ta ruɓe kafin lokacin tsada. A lokacin lambar mai talla ta daina shiga. Wa za a kai ƙara, alhali ko sunansa na gaskiya ba a sani ba?

Kun san darajar sunan 'yar Galmi fiye da ni. Lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallake sunan Violet de Galmi a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta OAPI, manoma da hukumomin Nijar sun tashi tsaye har ya janye, daga baya kuma sunan ya samu rajistar kariya. Abin kunya ne a ce mun ƙwato shi daga hannun baƙo, sannan kowane mai salula ya liƙa shi a kan abin da ya ga dama.

Dokar iri ta 2014 tana nan, akwai masu duba iri, akwai cibiyar binciken noma ta INRAN. Abin da ya rage shi ne a kai dokar inda cinikin ya koma. Ku fitar da sunayen masu samar da iri da aka amince da su, gunduma-gunduma, ku karanta su da Hausa a gidajen rediyon karkara da saƙon murya, kamar yadda haɗakar majalisun manoma ta RECA ke yi da shawarwarin noma, don yawancin masu garka saurare suke yi, ba karatu ba. Duk wanda zai yi talla a zaurukan ƙungiyoyinku, a tilasta masa faɗin sunansa da garinsu, shekarar da aka girbe irin, nauyinsa, da jimillar kuɗi har zuwa tashar mai saye. Wanda ya ƙi, a fitar da shi.

Malaman gona kuma su koya wa mutane gwajin da ba ya cin ko dala: a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 10 zuwa 12 a ga nawa suka tsiro. A mai da shi al'ada cewa ba a cika sauran kuɗi sai an yi wannan gwaji. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai ƙi ba, don shi ma 'yan damfara ke ɓata wa suna.

Ina roƙon ku zauna da masu samar da iri da shugabannin tashoshi tun kafin yafi mai zuwa, ku kuma ware lamba ɗaya da manomin da aka cuta zai kira a saurare shi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani manomin albasa daga kwarin Tarka