Kafin a Ƙara Sayen Batir, a Saita Gudun Kwamfutocin Gwamnati

A watan Afrilu zafin Gashua kan haura digiri 40. A irin wannan yanayi, kwamfutar da aka bari tana gudu iya ƙarfinta alhali wasiƙa kawai ake bugawa asara take jawowa: tana shan wuta, tana ɗumama ofis, tana cinye batir.

Maganin yana cikin na'urar kanta. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana iya sassauta gudu idan aiki ya yi sauƙi, ta ƙara idan ya yi nauyi. A manhajar Linux, sashen cpufreq ne ke kula da wannan. Tsarin performance yana riƙe ta a ƙololuwar gudu, shi kuwa schedutil, wanda ya shigo a 2016, nauyin aiki yake bi. Idan gudu ya sauka, ƙarfin lantarkin da ake ba ta ma yakan sauka, don haka wutar da aka tsimi takan zarce gudun da aka rage.

Jami'ar Tarayya ta Gashua, wadda aka kafa a 2013, tana cikin jami'o'in da hukumar REA ta sa a shirinta na wutar sola. A irin wannan wuri, wutar da aka tsimi da rana ita ce hasken ɗakin karatu da dare.

Wasu za su ce aiki zai yi nawa. Wannan hujja tana iya tsayuwa a kan na'urorin da ke lissafi mai nauyi, amma ba ta shafi kwamfutar akawu ba.

Ya kamata NITDA ta sa wannan saiti cikin ƙa'idojin sayo kwamfutocin ma'aikatu. Ba ya buƙatar kwangila, umarni kawai yake jira.