ZAMANI RIGA: Na'ura mai hira da kayan tsohuwar mota

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye a jihar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san tsohuwar Peugeot. Ita ce a-kori-kura mai ɗaukar buhunan hatsi da albasa, da awaki, da mutane bisa kaya. Ranar da ta kwanta, ba direba kaɗai ke shan wahala ba. Karen mota ya rasa na abinci, mai tumatir ya ga kayansa na ruɓewa, mai mara lafiya ya koma neman amalanke.

Motocin nan sun tsufa ƙwarai. Peugeot 404 ta fito cikin shekara ta 1960, 504 kuma cikin 1968. A Faransa an daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu tun 1983, amma masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Yanzu ko'ina an daina. Saboda haka kayan gyaranta, waɗanda masu garaji ke ce ma piyas, kullum ƙara wuya suke yi.

To, ga wani sabon abu ya shigo. Tun ƙarshen shekara ta 2022, lokacin da aka fito da ChatGPT, ana samun na'urori masu hira cikin salula. Mutum ya rubuta tambaya, nan take su ba shi amsa, da Faransanci ko da Turancin Ingila, har da Hausa gwargwado. Ɗan mai mota da ya yi lakwal sai ya ce ma ubansa: «Baba, a bar wahalar zuwa Kano, bari a tambayi salula.» Tambayar ita ce: a yarda da abin da ta faɗa?

Sai an fara sanin yadda take aiki. Na'urar ba ta taɓa riƙa sufana ba. An ɗura mata rubutu mai yawan gaske, daga nan ta koyi wace kalma ke bin wace. In an tambaye ta, sai ta jera kalmomin da suka fi kama da amsa. Sau da yawa amsar daidai ce. Wani lokaci kuwa ƙage ce, kuma da murya ɗaya take faɗin gaskiyar da ƙagen, ba ta inda-inda. Wannan ba zancen ƙauyawa kaɗai ba ne. A birnin New York na Amurka, cikin 2023, alƙali ya ci tarar waɗansu lauyoyi dalar Amurka 5.000, don sun kawo ma kotu tsofaffin shari'o'in da ChatGPT ya ba su, alhali ba a taɓa yin shari'o'in ba. In lauya ya faɗa ramin, ina ga mai neman fanfon ruwa?

Ga inda abin ya fi tsanani. Tsohuwar lambar piyas ta Peugeot tana da siffa sananniya: lamba huɗu, ɗigo, sa'an nan biyu. Na'urar ta san wannan siffa sarai. Tana iya rubuto lamba mai kyaun gani, alhali ta wani ƙarfe ce dabam, ko ma babu ita a duniya. Lamba ɗaya ta kuskure, kaya ya zo bai shiga ba.

Kuma 504 ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai shan esansi, injin 1796 ko 1971. Akwai mai shan gazuwal, injin 1948, ko 2112, ko 2304. Mai karatu ya lura, waɗannan ba shekaru ba ne, awon cikin injin ne. Yawancin masu ƙofa huɗu birkin faifai gare su a ƙafa huɗu duka, amma doguwar nan ta iyali da a-kori-kura birkin tambur gare su a baya. Wadda aka haɗa a Kenya sitiyarinta na dama, ta Kaduna na hagu. Wanda ya rubuta «504» kurum, na'urar za ta zaɓa mashi ɗaya daga ciki, ba lalle ta gaya mashi ta zaɓa ba.

Har yanzu ba a zo ga babbar matsalar ba. Na'urar motar littafi ta sani, watau motar yadda ta fito daga masana'anta. Motar da ke tashar Tasawa ko ta Madawa kuwa ta shekara 40 hannun makanikai. An sauya mata injin, wataƙila sau biyu. Lagireto na wata mota ne, kafireta an samo ta wurin ƴan gwangwan, sifirin na baya an ƙara mashi ganye don ɗaukar kaya. Takardar mota na cewa abu kaza, abin da ke ƙarƙashin bonet na cewa wani. Babu inda aka rubuta wannan tarihi sai cikin kan makanikin da ya yi aikin. Ƙari ga haka, da yawa daga masu rubutu a kan 504 cikin intanet Turawa ne masu ajiye ta don sha'awa. A Faransa, motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi. Su na goge ta ranar Lahadi, nan kuwa tana hawan rairayi da buhu bisa buhu. Shawarar da ta dace da waccan ba kullum take dacewa da wannan ba.

Wannan ba ya nufin na'urar ba ta da amfani. Tana da shi, kuma wuri ɗaya ta fi ƙarfi: sunaye. Makanikin Maraɗi ya san ƙarfen da sunan Faransanci, mai shago a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya san shi da na Ingilishi. Na'urar na iya haɗa su, ta kuma rubuta ma mutum saƙo mai tsabta. Tana iya bayyana aikin ƙarfen, ta kuma tuna mashi wuraren da bai sani ba, kamar ƙungiyar L'Aventure Peugeot ta Sochaux, mai sayar da kayan tsofaffin motocin kamfanin, ko da yake kuɗin Turai da na aiko kaya ba na kowa ba ne.

Batun mai sayarwa kuwa, a yi hattara. Na'urar na iya ba da sunan shago da farashi, alhali shagon ya rufe tun tuni, ko farashin na shekarun baya ne. Ko wadda ke bincike cikin intanet, abin da aka rubuta take karantowa, ba ta leƙa kanta ta ga ko kayan na nan. Ƴan damfara su ma sun iya rubutu. Kada a aika ko dala ɗaya ga wanda ba a sani ba don salula ta ambace shi.

Mai son tambayar ta, ya fara buɗe bonet. Ya kwafe abin da ke bisa farantin masana'anta da lambar da aka buga jikin injin, harafi bayan harafi. Ya kwance tsohon ƙarfen, ya wanke, ya duba ko da lamba jikinsa, ya auna shi, ya ɗauki hoto. Lambar da na'urar ta bayar, a kai ma makaniki da mai shago su gwada da kundinsu. In kayan birki ne ko na sitiyari, a sa tsohon cikin buhu a tafi da shi kasuwa, a aza shi kusa da sabon kafin a ƙirga kuɗi.