Idon kamara ba kayan ƙawa ba ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasa masu shirya fim, daga Maraɗi har Damagaram: wai abin da ke yin fim shi ne labari mai daɗi da kamara mai ƙarfi, sauran kuwa ƙaƙale ne na Turawa. Da an tara kuɗi sai a tambayi ɗan kasuwa ko kamarar tana ɗaukar 4K, a biya, a taho da ita tare da duk gilashin da aka sako mata a kwali. Gilashin nan, wanda ma'aikatan talabijin ke kira objektif, shi ne idon kamara, kuma shi ne abin da ba a tambaya. An sayi ingarman doki, an bar linzami a kasuwa.

Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ƙungiyoyin al'adu da ke kashe ɗan abin da suka samu wajen sayen kaya su ne ke biyan kuɗin kuskuren. Aikin jikin kamara shi ne adana abin da ya iso gare shi. Gilashi ne ke yanke yawan abin da zai shiga hoto, da abin da zai fito tangaram, da abin da zai dushe. Ana auna shi da milimita: ƙaramin adadi, kamar 18 ko 25, yana buɗe fili, babba, kamar 85 ko 135, yana tsuke shi. Wanda zai ɗauki zaman sulhu cikin ƙuntataccen zaure yana bukatar mai faɗi, don a ga maigari da masu ƙara da waɗanda suka raɓe a bakin ƙofa. Amma in ya kusanto fuskar amarya da wannan gilashin, hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya, a mayar da ita abin dariya a daidai wurin da ake son mai kallo ya tausaya mata. Dogon gilashi kuwa, in aka tsaya nesa da shi a babbar kasuwar Maraɗi, sai ya cusa mutane da amalanke da babura wuri guda, yaron da ya ɓata ya zama kamar taron zai haɗiye shi. Duk wannan ma'ana ce. Mai cewa labari kawai ya sani, bai lura ba cewa gilashin ya riga shi ba da labarin.

Babbar cutar ita ce zum. Al'ada ce da aka gado daga masu ɗaukar biki da suna: a kafe wuri guda, a dinga jawo fuskoki ana mayarwa, har kan mai kallo ya yi juwa. Zum yana ƙara girman abu ne kawai, ba ya sauya inda ido yake tsaye. Idan kamara ta taka da kanta, abin da ke gaba da abin da ke baya suna sauya matsayi, kamar yadda mai tafiya ke gani. Zum ba ya iya wannan. Abin takaici, a ƙasar nan aka ba duniya ɗaya daga cikin fitattun darussan wannan batu. Jean Rouch ya ƙi jinin zum, ya zaɓi ya yi tafiya da kamara a kafaɗa da gilashi mai faɗi. A shekara ta 1971, a Simiri ta Zarmaganda, ya ɗauki Tourou et Bitti kusan a ɗauka guda ba yankewa, yana shiga filin wasan da ƙafarsa har ya isa ga makaɗa. Ana iya sukar Rouch a kan abubuwa da dama, an kuma soke shi, amma ya san dalilin da ya sa yake tsaye inda yake tsaye. Mustafa Alasan, wanda ya yi Aouré a 1962, da Umaru Ganda, wanda Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, sun fara aiki da fim mai milimita 16, wanda kowane ƙunshi nasa kuɗi ne. Ba su da halin ɗauka sau ashirin, dole su yi tunani kafin su danna.

Sai batun haske, inda rashin sani ya fi yin ɓarna a ƙasa mai rana irin wannan. Cikin gilashi akwai ƙofa mai buɗewa da tsukewa, an jera mata lambobi: 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Kowane mataki yana rage rabin hasken. Lambar f ta gilashin hoto lissafi ce ta girman ƙofar. Lambar T ta gilashin sinima kuwa awo ce ta hasken da ya ratsa da gaske, shi ya sa ake sauya gilashi a tsakiyar fage ba tare da hoto ya yi tsallen haske ba. Da tsakar rana matashi yakan tsuke ƙofar zuwa 16 ko 22, sai kowane abu ya fito daidai wa daida, ɗan wasa da bango da akuyar maƙwabta, kaifin hoton ma ya ragu. Maganin ɗan baƙin gilashi ne mai suna ND, wanda ake sawa gaba don a bar ƙofar a buɗe. Bai kai kuɗin kamara ko kusa ba, amma sau nawa ake sa shi cikin jerin kayan da ƙungiya za ta saya?

Masu musu suna da hujja guda mai nauyi: gilashin sinima na Zeiss ko Cooke ko Angénieux yana da tsadar da ta fi ƙarfin kowace ƙungiya. Gaskiya ne, kuma tsadar tana da dalili: zoben saita kaifinsa yana juyawa da nisa don mataimaki ya bi ɗan wasa a hankali, hoto ba ya kumbura ya motse idan ana saitawa. Sai dai ba sayen su ake nema ba, sanin aikinsu ake nema. Tsohon Helios mai milimita 58, wanda Tarayyar Sobiyet ta ƙera da ɗimbin yawa, ana samun sa da araha, ana ɗaura shi kan kamarorin yau da ɗan zobe; irin waɗannan tsofaffin gilasan, bayan an sake musu gida, an yi aiki da su a Dune kashi na biyu, na 2024. Talauci yana hana mallakar gilashi goma. Ba ya hana sanin guda biyun da ke hannu.

Nauyin yana kan malamai da shugabannin ƙungiyoyi. Horon kwana uku da ake ƙarewa wajen koyar da maɓallan kamara ɓata lokaci ne, domin maɓallan za su sauya da sabuwar kamara, 25 da 85 kuwa suna nan yadda suke tun zamanin Ganda. A liƙe zoben zum da salatif, a ba ɗalibi fage guda, uwa tana jiran ɗanta a ƙofar gida, ya ɗauke shi da 25, ya sake da 50, ya sake da 85, yana matsawa da ƙafarsa har fuskar ta zo girma ɗaya. Sa'an nan a nuna ukun a gidan matasa, a tambaye shi a gaban ƴan uwansa wanne ya zaɓa, da kuma dalili.