A bar mai kuka ya yi kukansa, ba rashin bangaskiya ba ne

Ranar da yayana ya rasu, kafin mu dawo daga asibiti hotonsa ya riga ya zagaye sitatus ɗin mutane a WhatsApp. Kyandir a gefe, alamar kuka a ƙasa. Ban ga laifin kowa ba, ni ma na sha yi wa wasu haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da wani ɗan'uwa ya yi mini bayan sujada ranar Lahadi, da ya ga idona ya yi ja: "Haba, kai fa mai bi ne, ka ce mun gode Allah kawai."

Na faɗa. Amma bakina ne ya faɗa, zuciyata tana wani wurin.

Mu matasan Kirista mun iya ba da shaida. An samu aiki, an ci jarrabawa, an tsira daga haɗarin mota, sai a fito gaban majami'a da rawa da baikon godiya, a ɗora bidiyon a Facebook. Hakan yana da kyau. Matsalar ita ce mun mai da godiya murfin da muke rufe bakin wanda ke cikin zafi. Wanda ya ce ya gaji sai a ce addu'arsa ta yi sanyi.

To ni dai ba haka na gani a Littafi Mai Tsarki ba. Cikin Zabura 150, da yawa kuka ne da ƙorafi a gaban Ubangiji. Ka buɗe Zabura ta 88 ka karanta har ƙarshe, babu inda marubucin ya ce komai ya daidaita, cikin duhu ya ajiye maganar, kuma ba a cire ta daga littafin ba. Akwai ma littafi guda sukutum da ake kira Makoki. A Yohanna sura 11, Yesu ya zubar da hawaye saboda abokinsa Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. In shi bai ɓoye hawayensa ba, ni wane ne?

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace, ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai fara da wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake yin barci. Abokan Ayuba ma, kwana bakwai suka zauna da shi ba wanda ya ce uffan, kuma sai da suka buɗe baki suna neman laifinsa sannan suka ɓata lamarin.

Iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi mu gane wannan, ko da yake yawancinsu ba su san inda ake danna sitatus ba. Sun zo gidanmu da tukwane da itace, suka dafa, suka share tsakar gida, suka zauna kusa da mama. Maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna karɓar masu gaisuwa tare da mu. Cikin abokaina da suka ɗora hoton, waɗanda suka tako da ƙafa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na san kuɗin mota ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023, amma kiran waya fa?

Kuma in baƙin ciki ya ja watanni, barci ya gagara, abinci ba ya shiga, ganin likita ba cin amanar addu'a ba ne. Ka je wurin fasto, ka kuma je asibiti. Don irin wannan ake da wurare kamar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Godiyar ta zo mini daga baya, ba wanda ya tilasta ni. Wata huɗu bayan rasuwar, ina share tsofaffin saƙonni don waya ta cika, sai na ci karo da muryarsa yana tsokanata a kan bashin dubu biyu da ban biya shi ba. Na yi dariya, na yi kuka, na saurara sau uku. Saƙon yana nan, ban goge ba.