Mai Shanu a Kujerar Mulki

Sau da yawa nakan ji ana cewa ɗan kasuwa bai dace da mulki ba, wai aljihunsa kaɗai zai duba. Ni dai ban yarda da wannan magana ɗungurungum ba, hujjata kuwa ita ce tarihin wani Ba'amurke mai suna John Kendrick.

An haife shi a Jihar Texas a 1857, ya tashi maraya, bai yi nisa a makaranta ba. A 1879 aka ɗauke shi aikin kora shanu daga Texas zuwa Wyoming, tafiyar watanni a kan doki. Ɗan abin da yake samu sai ya sayi shanu da shi, har ya zama babban mai garke. ('Yar maigidansa ma ya aura, wannan kuwa ba ta rage shi da komai ba.) Ya zama gwamnan Wyoming a 1915, daga 1917 kuma ɗan majalisar dattawa har rasuwarsa a 1933.

To, me sanin shanu ya amfana? A wancan zamanin manyan kamfanonin nama guda biyar ne suka danne kasuwa, makiyayi ya kai shanunsa Chicago su yi masa kuɗin da suka ga dama. Kendrick ya san wannan ciwo a jikinsa. Yana cikin waɗanda suka matsa har aka yi dokar 1921 ta sa ido a kan mahauta da kasuwannin dabbobi. Wani zai ce ai kansa ya yi wa. Gaskiya ne ya amfana, amma mai shanu goma shi ma ya samu inda zai kai ƙara.

Sai dai kada mu ce shanun ne suka gyara shi. Albert Fall, ministan cikin gida na lokacin, shi ma mai garke ne a New Mexico. A 1922 ya ba wani kamfani filin man fetur na gwamnati a Teapot Dome a ɓoye. Wanda ya fara tashi a majalisa ya nemi bayani kuwa Kendrick ne. A 1929 kotu ta sami Fall da laifin karɓar hancin dala 100,000 daga wani attajirin mai, aka kai shi kurkuku a 1931.