Ba Laifin Mangwaro Ba Ne

'Yan'uwana mata, ga bazara ta kama, mangwaro ya cika kasuwa, daga binta siga har paparanda. Yanzu ne kuma za ku ji ana hana yara shansa, wai sai ruwan sama ya wanke shi tukuna, in ba haka ba ya sa su zazzaɓi da gudawa.

To, ba laifin mangwaro ba ne. Ƙura da ƙuda da hannuwan masu latsawa su ke ɗora masa cuta. Ruwan da zai wanke shi kuwa yana nan cikin randarki, uwargida. Ki zaɓi nunanne wanda bai fashe ba. Ki wanke hannunki da sabulu, sa'an nan ki wanke shi tas da ruwa mai tsabta, musamman wajen hancin, don ƙaron nan yakan sa wa yara ƙuraje a baki. Ki fere, ki yayyanka a faranti, ki rufe. Wanda aka yanka kada ya kwana cikin zafin nan.

Ku kuma 'yan makaranta, ku daina tsintar wanda ya faɗo ya fashe kuna goge shi da gefen ɗankwali. Gogewa ba wankewa ba ce.

Mangwaro yana da bitamin A mai kare ido daga dundumi, ga shi da araha cikin Afrilu da Mayu. Kada ƙyuyar wanki ta sa mu hana yaranmu abin da zai amfani jikinsu. Allah ya sa mu gane.