Cinikin Biri a Sama: Sayen Kayan Kwamfuta ta Intanet a Ƙasar Mahuta

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san cinikin nesa. Fatake sun daɗe suna kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro, kuma mai sayen huhu a Kano ko Katsina ba ya zazzage shi duka ya dudduba kafin ya yi sallama. Amma duk da haka Bahaushe bai taɓa yarda da abin da ya kira cinikin biri a sama ba, watau mutum ya miƙa kuɗinsa a kan abin da bai gani ba, bai kuma san wanda zai riƙe ba in abin ya ɓaci. Abin da ya raba cinikin goro da na biri shi ne akwai fatoma da dillali a tsakani, mutanen da aka san ƙofar gidajensu, waɗanda mutuncinsu ke rataye a kan kowane huhu. In aka kwance aka tarar goro ya yi sankara, an san zauren da za a nufa.

Wannan tsohuwar magana ta sake tasowa a wurin da ba a zata ba, watau a ƙananan shagunan kwamfuta na garuruwan noma irin su Mahuta, a yankin Funtuwa da Malumfashi. Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, wannan na'ura ta daina zama kayan ƙawa a karkara. Da ita ake koya wa yara danna madannai kafin ranar jarrabawa, da ita ake duba sakamako, a buga takardar neman aiki da katin ɗaurin aure. Saurayin da ya sayar da masarar kakarsa ya ajiye kwamfuta biyu ko uku a shago, jarinsa ke nan duka. Ran da ɗaya ta ƙi tashi, ranar cinikinsa ya ragu da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ga kuɗin haya da na man janareta ba su san wannan ba.

Sau da yawa abin da ke mutuwa shi ne faffaɗan allon nan da ke kwance cikin akwatin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, wanda kuma za a iya ce wa uwar allo, tun da yake a jikinsa ake dasa ƙwaƙwalwar na'ura da ma'ajiyarta da dukkan wayoyinta. Abubuwan da ke kashe shi a wannan ƙasa sanannu ne: wutar da takan zo da ƙarfi bayan an ɗauke ta, da hawa da saukar wutar janareta, da ƙurar hunturu mai toshe fanka, da zafin bazara. Da wuya a sami irin wanda ake nema a Malumfashi ko Funtuwa. Ko dai mutum ya rufe shago ya tafi Kano, titin Beirut, ko kuwa ya ɗauki wayarsa ya yi oda daga Legas, ta manyan shagunan intanet irin su Jumia da Konga waɗanda aka kafa a 2012, ko daga wani ɗan kasuwa da ya yi talla a Facebook ko WhatsApp, ko ma daga ƙasar Sin ta AliExpress. Yawanci araha ce ke jan mutum ga hanya ta biyu.

To, a nan ne matsala take. Uwar allo ba buhun taki ba ce da za a jefo daga saman mota. A allunan da aka yi wa ƙwaƙwalwar kamfanin Intel, tun daga 2004, mazaunin ƙwaƙwalwa cike yake da 'yan allurai masu laushi kamar gashi; samfurin da ya fito a 2011 yana da guda 1,155, wanda ya fito a 2021 kuwa yana da 1,700. Ɗaya tak in ta lanƙwashe tana iya hana na'ura tashi. Wannan abu mai rauni shi ne zai kwana biyu ko uku a hanya daga Legas, wani lokaci a ƙarƙashin kujerar direba, a sauke shi a tashar Funtuwa, sa'an nan ɗan acaɓa ya ɗaure shi da roba a bayan babur ya bi da shi hanyar Mahuta. In aka buɗe kwali aka tarar allurai sun kwanta, ko kusurwa ta tsage, sai a fara jayayya. Mai saye ya ce haka ya same shi, mai sayarwa ya ce lafiya lau ya fita daga hannunsa, direba ya ce shi kwali aka ba shi, kwali ya kawo. Daga nan kuma sai a tura wa mai saye hoton rasit, inda aka rubuta da Turanci cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne wannan rubutu na ƙasan rasit ba shi da tushe, ko a shari'ar da mutanen Mahuta suka gada, ko a dokar ƙasa. A fiƙihun Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har ma Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yarda da sayen ƙunshin kaya bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, wanda kusan shi ne cinikin intanet na yau. Amma malamai ba su bar ƙofar a wangale ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ba wani zauren karatu a ƙasar Katsina da ba a karanta ta, ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun farko a irin wannan ciniki, sai fa in kayan na kusa, ko kuwa abin da ba ya saurin canjawa ne kamar gida ko gona. Haka kuma maganar da ta shahara a mazhaba ita ce lamunin kayan da ba ya nan yana wuyan mai sayarwa har ya shiga hannun mai saye. In kuwa aka ga aibin da ya riga ciniki, mai saye na da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Duk wanda ya taɓa ganin an komo da sa kasuwa saboda an gane yana da ciwon da aka ɓoye, ya san wannan hukunci ko da bai buɗe littafi ba.

Dokar ƙasa ma haka ta ce da nata harshe. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye ikon mayar da kayan da bai sami damar dubawa ba kafin a kawo masa, in ya tarar ba su dace da yadda aka siffanta su ba. Sashe na 132 ya ƙara da cewa a cikin wata uku da karɓar kaya, in suka kasance masu aibi, ana iya mayar da su ba tare da tara ba, ɗawainiya da hatsarin mayarwar kuma a kan mai sayarwa, shi kuwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya biya. Abin mamaki shi ne shari'a biyu da suka fito daga tushe dabam sun haɗu a kan magana ɗaya, amma mutumin da aka yi su dominsa bai san ɗayar ba, ɗayar kuma bai zaci ta shafi kwamfuta ba.

Ko da ya sani ma, nisa na cinye masa haƙƙi. Wa'adin da shagunan intanet kan bayar na mayar da kaya 'yan kwanaki ne, galibi mako guda, kuma an tsara shi da tunanin mutumin Ikeja ko Abuja wanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa. Na Mahuta kuwa sai ya sami labarin kaya sun iso, ya jira ranar da zai shiga gari, ya komo, ya nemi mai gyara, ya jira wuta ko ya sayi mai, kafin ya san ko abin da ya saya na da rai. Kafin nan rabin wa'adi ya tafi. In daga Sin ya yi oda, kuɗin aikawa da allon baya kan iya fin kuɗin allon kansa. Ga kuma faɗuwar Naira: a watan Mayu na 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda aka riƙe wa kuɗi wata uku a irin wannan lokaci, ko an mayar masa da su cif, ba za su sake saya masa abin da ya biya ba.

Sai dai adalci ya sa a saurari ɗan kasuwa shi ma. Ba ƙarya yake yi ba in ya ce wasu masu saye su ne ke lanƙwasa allurai da hannunsu wajen cusa ƙwaƙwalwar da ba ta dace ba, ko su ƙone allo da mummunar wuta, sa'an nan su rantse haka ya zo. Akwai kuma wanda zai yi odar allon da ke karɓar ma'ajiya samfurin DDR4 alhali tasa DDR3 ce, waɗanda ba sa shiga ramin juna, ya ce kaya sun lalace. Kamfanonin da ke ƙera allunan su kansu ba su cika karɓar lanƙwasasshiyar allura a cikin garanti ba. Ƙaramin ɗan kasuwa da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, in aka komo masa da uku a wata, ya karye. Amma wannan hujja ce ta neman shaida. Ba ta isa ta sa a ɗora wa kowane mai saye laifin wasu ba, balle a ce hatsarin hanyar da mai kaya ya zaɓa, da kwalin da shi ya naɗe, ya koma kan wanda bai ga ko ɗaya ba.

Daga nan sai maganar suna, wadda samari ke ɓata lokaci a kanta ƙwarai. Manyan masu ƙera uwar allo huɗu ne, dukkansu na Taiwan: Gigabyte da MSI da aka kafa a 1986, ASUS a 1989, sai ASRock a 2002. Kowanne na da masoyansa, kuma musun da ake yi a kansu ya yi kama da na magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo. Gaskiyar magana ita ce kowane ɗayansu na yin mai tsada mai ƙarko, yana kuma yin na talaka, har bambancin da ke tsakanin alluna biyu na kamfani guda kan fi wanda ke tsakanin kamfani da kamfani. Garantin shekara uku da sukan bayar a ƙasashe da yawa ba ya amfanin wanda ba shi da wakilin da zai kai wa. Bugu da ƙari, akasarin kwamfutocin da ke shagunan karkara na hannu ne, HP da Dell da aka gama aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka, kuma da yawansu allonsu na da siffa da mahaɗar wuta tasa ta kansa, ta yadda sabon ASUS komai kyansa ba zai zauna a ciki ba. Ya kamata kuma a yi hattara da tsofaffin alluna masu araha, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalen da suka girmi 2017.

Manoman wannan yanki sun riga 'ya'yansu sanin wannan darasi. Lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, injuna iri-iri sun shigo ƙasar, kuma ba a daɗe ba aka gane cewa tarakta ko injin ban-ruwan da ba a samun kayan gyaransa a kusa, ranar da ya tsaya ya zama wurin kwanan kaji. Abin da ya sa Peugeot 504 ta mallaki hanyoyin Arewa bayan an fara harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna a 1975 shi ne kowane bakanike ya san cikinta, kowace tasha kuma akwai mai sayar da kayanta. Tambayar da ta dace da mai shago a Mahuta ke nan: wane allo ne mai gyara na Funtuwa ya saba da shi, wane ne ake samun ma'ajiyarsa da fankarsa a Kano, wa kuma zai karɓe shi in ya zo a mace? Sunan mai sayarwa ya fi sunan da aka buga a kan allo nauyi, ko da za a ƙara 'yan dubbai a kan farashi.

Abin da cinikin intanet ya rasa a karkara shi ne fatoma. Ba sai an jira gwamnati ba kafin a mai da shi. Masu shagunan kwamfuta na Mahuta da Kafur da Bakori da Ɗandume suna iya haɗa kai su tsai da amintaccen mai gyara guda a Funtuwa, wanda za a riƙa aiko da kaya ta hannunsa. Shi zai buɗe kwali a gaban direba, wayar hannu na ɗaukar hoton bidiyo tun daga yanke salatif, ya duba allurai, ya karanta lambar allo, ya jona shi ya ga ya tashi, sa'an nan a saki kuɗi. La'adarsa ba za ta kai kuɗin motar zuwa Kano da komowa ba. Ɗan kasuwar kirki ba zai ƙi wannan ba, tun da shi ma ya tsira daga mai rantsuwar ƙarya. Wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma rabon da ya faɗo wa sashen Hausa. Dokar 2018 da Turanci take, sharuɗɗan shagunan intanet da Turanci, takardar garanti da Turanci, alhali kalmomin da ake bukata, irin su aibi da lamuni da zaɓi da wa'adi da sallama, suna nan cikin harshen tun zamanin fatake. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai yana iya ɗaukar sashe na 122 da na 132, ya fassara su da Hausar kasuwa a shafi guda, ya gwada fassarar a kan masu shago ya ga ko sun gane, a buga a manna a tashar Funtuwa, daidai wurin da ake karɓar saƙo.